Ɗan Bincike a Issawane

Akwai wata baiwa da Allah Ya yi mini wadda ba na son yawan faɗa saboda baki, amma tunda mu ya mu ne, bari in gaya maka: ina karanta mutum. Ka tsayar mini da shi nan, ko gaisawa ba mu yi ba, in dubi idonsa, in dubi yadda ya karya hula, in gaya maka ko za a iya ba shi ajiya. Ba ni na fara ba. Malaman da suna kiran abin firasa, har Fakhruddin Razi, wanda ya rasu a shekara ta 606 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kansa. Ban karanta littafin ba, amma ina jin da mun haɗu da mun fahimci juna. Hujjojina kuwa ba su ƙirguwa. Akwai wani maƙwabcinmu a Maradi da tun ranar da ya tare na ce wa uwargida idonsa bai kwanta mini ba. Ba a daɗe ba akuyar wani ta ɓace a unguwa. Ba a ce shi ya ɗauka ba, an ma tsinci akuyar daga baya tana kiwo a bayan tasha, amma dai ta ɓace.

Turawa ma sun gaskata ni. A wani taron ƙara wa juna sani na ji labarin wasu masana biyu na Jami'ar Princeton ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, waɗanda a 2006 suka riƙa haska wa mutane hotunan baƙin fuskoki na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ƙiftawar ido ke nan, sai ga mutanen har sun yanke hukunci: wannan amintacce ne, wancan mugu ne, wannan gwani ne. Shekara guda kafin haka, Todorov da abokan aikinsa sun nuna wa mutane hotunan 'yan takarar majalisar dattawan Amurka, kuma wanda aka ce fuskarsa ta fi kama da ta gwani shi ya ci zaɓe a kusan bakwai cikin goma. Daidai nan aka shigo da shayi da burodi, don haka ban ji ƙarshen bayanin ba. Abin da na ji ya ishe ni. A taron ne kuma aka raba mana wata falmaran mai ruwan ƙasa, mai aljihu sama da ƙasa, irin wadda ma'aikatan agaji ke ɗorawa a kan riga. Ka riƙe falmaran ɗin nan a ranka.

Da kaka ta yi, sai Yaya ya kira ni. 'Yarsa ta fari, wadda ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ta fito da miji: wani malamin makaranta ɗan kwantiragi, ɗan asalin Issawane a gundumar Mayahi, can wajen iyaka da ƙasar Tasawa. Ka san al'ada. Kafin a karɓi kuɗin gaisuwa sai an yi bincike: su wane ne iyayensa, mece ce sana'ar gidansu, yana salla, yana da faɗa, yana biyan bashi. Magabata kuma ba su barin tambayar da ta fi kowace nauyi, wato ko akwai wata lalura ta gado a dangi, kamar farfaɗiya ko taɓin hankali. Yaya ya ce zai tura wani dattijo abokin kasuwancinsa da ke sayen wake a can. Na yi dariya irin ta manya, na ce, “Yaya, ina gidan nan za ka aiki bare? Nuna mini hotonsa kawai.” Yarinyar ta miƙo salula tana sunkuyar da kai. Ga saurayi tsaye, sanye da baƙin tabarau, ya dafa wata Hilux da ko makaho ya san ba tasa ba ce. Na ce a raina, an gama. Tafiyar da zan yi ta tattara hujja ce kawai.

Tun 1946 wani masani mai suna Solomon Asch ya gwada irin wannan. Ya karanta wa ɗalibai jerin halayen wani mutum, ya fara da masu kyau ya ƙare da munana, ya kuma karanta wa wasu ɗaliban jerin nan dai amma daga ƙarshe zuwa farko. Na farkon suka ce mutumin kirki ne mai 'yan kurakurai, na biyun suka ce mutumin banza ne mai 'yar basira. Abin da ya fara shiga kunne shi ke zama alƙali, sauran duk shaidu ne. Ni abin da ya fara shiga idona Hilux ce ta aro.

Na yanke shawarar in je a ɓoye, a matsayin mai sayen wake da riɗi, don kada mutanen gari su gyara magana. Na sa shadda, na ɗora falmaran ɗin nan a kai saboda aljihunta, na rataya jakar fata, na ɗauki littafi da biro, na kuma sa baƙin tabarau. Nawa tabarau na aiki ne, ba irin na yaron ba. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Malam, mai sayen wake da ka taɓa gani, haka ya yi shiga?” Na ce mata aikin asiri ba a tattauna shi da mata. Ta ce Allah Ya kiyaye hanya, da wata irin murya da ban so ba.

Mota ta bi da mu ta Cadawa, muka karkata arewa zuwa Mayahi. Ina sauka a tasha, tun ban gama karkaɗe riga ba, sai ga wani matashi ɗan kabu-kabu ya ratsa sauran ya nufo ni kai tsaye. “Mushe, Issawane za a je?” Gabana ya faɗi. Yaya aka yi ya sani? Na zare tabarau na karanta shi tsaf: askinsa na zamani, gefe a ƙwalƙwale sama a tsaye, idanu jajur. Na ce wannan ɗan Taramol ne, kuma ɗan leƙen asirin ɓarayi. Sauran 'yan kabu-kabu duk suka ce ba su zuwa, shi ne ɗan hanyar, dole na hau, na rungume jakata a ƙirji, na maida kuɗina aljihun falmaran na can ciki. Da na tambaye shi kuɗin tafiya ya ce in bari sai mun isa. Ka ji wata alamar kuma. Mai gaskiya yana yanka farashi tun a tasha. A madubin babur na hango nawa idanun, su ma jajur, amma ni ƙurar hanya ce ta shige mini.

Hanyar rairayi ce zalla. Babur ya riƙa wutsil-wutsil, ni kuma na ƙi riƙe yaron don kada ya ji inda kuɗi suke. A wani kwari ƙafar gaba ta nutse, yaron ya dafe ƙasa da ƙafa ya tsaya cak, ni kuwa na ci gaba da tafiya ni kaɗai, na sauka tim a cikin ƙarangiya. Wanda bai taɓa zama a kan ƙarangiya da sabuwar shadda ba bai san ƙasƙanci ba. Ta kama wando, ta kama safa, ta kama wuraren da ba a ambata a mujalla. Yaron ya durƙusa yana cire mini ɗaya bayan ɗaya yana ta “sannu Baba, sannu Baba,” ni kuwa idona na kan hannunsa, ina jiran ya kai ga aljihu. Bai kai ba. Na ce lallai wannan ƙwararre ne, yana jiran dare.

Tunda an tsaya, sai na fara aiki cikin dabara. Na ambaci sunan saurayin kamar a bakin wasa, na ce ko ya san shi. Yaron ya kau da kai, ya soshi ƙeya, ya ce, “E to, ana dai ganinsa.” Na ce halinsa fa? Ya ce, “Mushe, wannan sai dai a tambayi wasu.” Na zaro littafi na rubuta: matasan gari ba su son a haɗa su da shi. Da muka kusa gari na ce ya nuna mini gonar gidansu saurayin. Ya nuna wata shimfiɗeɗiyar gona, an yi girbi, amma ko'ina ƙananan itatuwa ne, ga kalgo, ga sabara, ga 'ya'yan gawo. Na rubuta: ragwaye ne, ko sassabe ba su iya ba. Yaron ya leƙo littafin ya ce ai da gangan ake bari, sassaben zamani ne, ana zaɓar toho mai ƙarfi a kututture a gyara shi ya zama itace, ya tare iska, ya ba ƙasa taki, ya ba dabbobi abinci. Ashe abin ya samo tushe ne a nan jihar Maradi tun wajejen 1983, lokacin da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aikin tare da manoma, har aka kai ga farfaɗo da itatuwa a kan eka miliyoyi a Nijar, duniya tana zuwa kallo. Ni da ke zaune a Maradi ban sani ba. Na ƙara a ƙarƙashin rubutuna: kuma suna da masu kare su.

Na ce ya ajiye ni inda ake awon hatsi. Na tsuguna gaban wani mai wake, na ɗebi ƙwaya na jefa a baki na gartsa kamar yadda na ga dillalai suna yi. Waken ya bushe ƙarau. Wani abu ya ce ƙas a cikin bakina, kuma ba waken ba ne. Na haɗiye zafin, na tambayi kuɗin tiya, ya faɗa, na ce ya yi tsada ƙwarai, na taya da abin da ya fi nasa farashin, don lissafin dala ya ruɗe mini. Mai wake ya dube ni, ya dubi falmaran, ya dubi littafi, sai fuskarsa ta washe. Ya juya ya ce wa na kusa da shi, “Ɗan proje ne.”

Mutanen yankin nan sun san falmaran. Tun yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maradi da Damagaram, ƙungiyoyin agaji suka yi ta shigowa ƙauyuka, kuma kowa ya gane cewa mai falmaran da littafi suna yake rubutawa, sunan da ya shiga littafi kuwa wataƙila buhu ya biyo shi. Tufafi suna magana tun kafin mai su ya buɗe baki. A 1955, a birnin Austin na Amurka, Monroe Lefkowitz da abokan aikinsa sun sa wani mutum ya riƙa tsallaka titi alhali fitila ta hana. In ya sa kwat da wando na manya, masu bin bayansa sukan ninka sau uku da ɗoriya a kan in ya sa kayan leburanci. Ni ban tsallaka titi ba, amma kafin in miƙe tsaye layi ya kafu a bayana. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, wani har da takardun iyalinsa a cikin leda. Aka kawo mini kujera. Aka kawo fura. Ban ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na ce a raina, ka ga mutanen karkara, su ma suna gane babban mutum da gani.

Na yi amfani da damar. Na ambaci sunan mahaifin saurayin kamar yadda Yaya ya rubuta mini, na ce yaya gidansa yake? Aka yi ɗan shiru ana tunanin wa ake nufi, sai wani dattijo ya gane, ya matso, ya rausaya murya: “Ranka ya daɗe, wannan gida abin tausayi ne. Baki sun yi yawa, rumbu ba kome. In akwai wanda ya cancanta, to su ne.” Jama'a suka amsa, “Wallahi su ne.” Bawan Allah yana yi wa maƙwabcinsa alheri ne, yana neman a sa shi a gaba a rabon buhu. Na rubuta da manyan baƙaƙe: matsiyata. Don in ƙarasa hujja sai na ɗaga murya na ce, “To itatuwan nan da ke cikin gonarsu, wa ya ba su izini, kuma wa ke sararsu?” Wani daga baya ya ce, “Kai, na gandun daji ne!” Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Wanda ya san tarar saran itace ba ya jiran bayani. Mai kujera ya zo ya ce ana nemanta a gida. Mai fura ta ɗauke ƙwaryarta da sauran furar a ciki. Na rage ni kaɗai a tsaye, da ludayi a hannu.

Ɗan kabu-kabu ya sake ɓullowa, ya ce rana ta yi sanyi, ba a komawa Mayahi yanzu, amma akwai gidan Sarkin Noma, nan baƙi ke sauka. Sarauta ce mai nauyi a ƙasar nan, don a da sai wanda ya noma dami dubu ake naɗawa. Muna shiga zaure na ga rumbuna a jere sun cika maƙil, ga jajayen awaki irin na Maradi, ga shanun huɗa. Wata dattijuwa ta kawo mini ruwa, na ce bari in gwada ta bakin mata. Na ambaci sunan saurayin. Matar nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, “Ni ba ni da labarinsa,” ta juya da sauri har tana tuntuɓe. Na rubuta: ko mata gudun sunansa suke. Ni Bahaushe, ɗan Bahaushiya, wanda uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda kunyar ɗan fari, na ga wannan da idona na rubuta abin da na rubuta.

Sarkin Noma kuwa, tun da na ɗora ido a kansa na ce ga mutum. Dogo, farin gemu, magana a hankali. Bayan isha'i aka kawo tuwon gero da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, ga kaza guda sukutum. A 1920 Edward Thorndike ya lura cewa in hafsan soja ya yaba tsayuwar wani sojansa da kyan jikinsa, sai ya ba shi maki mai yawa a hankali da jagoranci da riƙon amana gaba ɗaya, kamar alheri ɗaya yana haskaka sauran. Ni cinyar kaza ce ta haskaka mini. Kafin in kai ga ƙashi na tabbata dattijon nan malami ne, adali ne, kuma asirina ba zai sami maɓoya da ta fi ƙirjinsa ba. Na matso, na rage murya, na ce, “Baba Sarki, zan gaya maka abin da ko bango bai sani ba. Ni ba mai sayen wake ba ne.” Ya ce, “Ikon Allah.” Na ce binciken aure na zo. Ya ce, “Ikon Allah.”

Na buɗe littafi na karanta masa duka: matasa suna gudun yaron, mata suna rufe fuska, gona ta zama daji, rumbu ba kome. Yana ta jan carbi. Na kunna salula na nuna masa hoton, na faɗaɗa shi da yatsu biyu. Na ce, “Dubi kunnuwan nan yadda suka baje, alamar taurin kai ce. Dubi hancin nan, dogo mai lanƙwasa a ƙarshe. Baba, na daɗe ina nazarin mutane, mai irin wannan hanci ba ya riƙe amana, kuma yawanci daga uba ake ɗaukarsa.” Dattijo ya kai hannu ya shafa nasa hancin a hankali. Fitilar ba ta da haske sosai, amma ko da rana ce ba na jin zan lura, don na riga na gama karanta shi tun a zaure. Na rufe da abin da na ɗauka yabo ne: “Wallahi da a ce ɗanka ne ya fito, da a daren nan zan ba shi ita, ko sisi ba sai an kawo ba.” Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, “Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. A ƙara miya?” Na ce a ƙara.

Da safe aka ɗaure mini rabin buhun wake da zabi biyu a bayan babur. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Mayahi, na miƙa masa jika uku, ya ƙi karɓa, ya ce an hana shi. Na ƙirga kuɗina a gabansa don ya san ban yarda da shi ba, suka cika cif. Na shiga mota ina jinjina wa kaina yadda tsare gida ya hana ɓarawo sakat.

Da daddare aka taru a falon Yaya: shi, Hajiyarsa, ƙannenmu mata biyu, uwargida, da yarinyar a bakin ƙofa. Na tsaya a tsaye na karanta rahoto, shafi bayan shafi, na kammala da cewa ba da yawuna ba, amma in ana neman gidan mutunci a Issawane, akwai wani Sarkin Noma da ya kamata a tambaya ko yana da ɗa. Ba wanda ya ce uffan. Hajiya ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Yaya ya tambaye ni, a hankali, ko na tambayi sunan yanka na Sarkin Noman. Na ce manya ba a tambayarsu suna. Ya ce, “To shi ne sunan da na rubuta maka a takarda.” Ashe tun ina hanyar Cadawa Hajiya ta kira can, don tsoron kada in ɓace ko in kwana da yunwa. Ta gaya musu baffan yarinya yana tafe, amma yana son ya zo a ɓoye. Sarkin Noma ya tara iyalinsa ya ce baƙo yana son ya ɓuya, kowa ya taimaka masa ya ɓuya. Ɗan Taramol ƙanen ango ne, ɗalibi ne da ya zo hutu, tun hantsi yake tsaye cikin ƙurar tasha yana jirana, shi ya roƙi sauran 'yan kabu-kabu su bar masa ni. Matar da ta rufe fuska ita ta haifi yaron, kuma shi ne ɗanta na fari. Kazar da na ci, kazar surukai ce.

Ina neman inda zan zauna, Yaya ya ce saura. Ya danna salula, sai ga saƙon murya na WhatsApp, muryar wata tsohuwa, kakar yaron. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da yara da gajiya. Ta ce sun ga baƙo, sun gode, mutum ne mai cin abinci da kyau, ba shi da ƙyanƙyami. Ta ce yarinya kam kowa ya yaba da ita. Sannan ta yi gyaran murya ta ce, “Sai dai Alhaji, a gafarce ni, ka san aure ba a yinsa da ɓoye-ɓoye. Abin nan na baffanta, muna son a gaya mana tsakani da Allah: gado ne, ko shi kaɗai ya samu?”

Ƙannena suka zube a ƙasa. Uwargida, wadda na aura da sadakina, har da hawaye. Yaya ya ce ya riga ya ba su amsa, ya ce musu ba gado ba ne, boko ne ya yi mini yawa, kuma an gode Allah a dangi ni kaɗai ne. Wai sai da aka haɗa da rantsuwa tsohuwa ta yarda.

Yarinyar ce ta ƙarasa ni, cikin ladabi, bayan kwana biyu da ta kawo mini abinci. Ta ce, “Baffa, binciken nan na Princeton da kake yawan faɗa, ka ji ƙarshensa kuwa?” Ta ce da aka ƙara wa mutanen lokacin kallon hoton, hukuncinsu bai sauya sosai ba, abin da ya ƙaru shi ne tabbacinsu cewa sun yi daidai. Ta ce binciken sauri ya auna, bai ce hukuncin gaskiya ne ba, kuma shi kansa Todorov ya fitar da littafi a 2017 yana gargaɗin cewa fuska tana yaudara. Ta kawo wani Lee Ross na Jami'ar Stanford, wanda a 1977 ya bayyana yadda mutum kan ɗora abin da wani ya yi a kan halinsa ya mance da yanayin da yake ciki. Ta ce shi ya sa jan idon wani ƙwaya ne, namu kuma ƙura. Na ce mata ai duk na san wannan, gwada ta nake. Hilux ɗin ma, in ji ta, ta masu duba makarantu ce da suka zo rangadi, abokan aikinsa suka ce ya tsaya a ɗauke shi.

Da na zauna na duba, kowa a tafiyar nan ya yi irin aikina. Mai wake ya karanta falmaran, layi ya karanta littafi, na bayan layi ya karanta tambaya ɗaya, tsohuwa ta karanta ni ta yanke wa zuriyarmu hukunci. Kowa ya ga abin da yake fata ko abin da yake tsoro. Bambancin kawai, su ba su ce baiwa gare su ba, kuma hujjar tsohuwa ta fi tawa ƙarfi. Ana ba da labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, cewa wani ya zo yana yi wa wani shaidar kirki, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce babu ko ɗaya, sai ya ce masa ashe bai san shi ba. Dattijon nan mai sayen wake da Yaya ya so aikawa ya cika biyu daga cikin ukun, don ya daɗe yana ciniki da gidan, sun kuma sha hanya tare. Ni na hana a aike shi.

An ɗaura aure bayan Sallah. Ni aka ba waliccin amarya, wai don a nuna wa mutanen Issawane na samu sauƙi. Sarkin Noma ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya gabatar da ni ga 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hancin nan, yana cewa, “Ga mai sayen waken nan namu.” Har yau in an yi girbi sai an aiko mini da tiya biyar, a ce in gartsa in gaya musu ko ya bushe.

Kai kuma mai karatu, in aka ce za a yi binciken aure a gidanku, ku nemi wanda ya yi maƙwabtaka da mutanen, ko ya yi tafiya da su, ko ya ba su bashi ya ga yadda suka biya. In kuwa ƙaddara ta faɗa kanka kai aka aika, ka bar falmaran a gida, kuma kafin ka buɗe baki ka tambayi sunan mai gidan da ya yanka maka kaza.